Yadda Iyalan Sojan Amurka Za Su Samo wa 'Ya'yansu Gurbin Reno, Makaranta da Tallafin Karatu

Soja a Amurka ba ya daɗewa wuri ɗaya. Shekara biyu ko uku, sai oda ta fito, a naɗe kaya a koma wani bariki. Ma'aikatar Tsaro da kanta takan ce ɗan soja yana canza makaranta sau 6 zuwa 9 kafin ya gama sakandare. Ga iyayen da ba su da kaka a kusa, ba gwaggo ba inna, tambayar wa zai riƙe yaro da asuba lokacin da ake fita atisaye ba ƙarama ba ce. Tun 1989, da majalisar dokoki ta zartar da dokar renon yaran sojoji, aka gina tsari mai faɗi: gidajen reno a bariki, cibiyoyin matasa, jami'an da ke shiga tsakanin iyaye da makarantu, har da kuɗin jami'a. Sai dai kusan duk wani tallafi a cikinsa rana da takarda yake bi, wato ranar da kuka nema da takardar da ke hannunku. Wanda ya bari sai ya sauka sabon bariki sannan ya fara tambaya, ya riga ya makara da watanni. Shi ya sa na jera matakan bisa lokacin da ya kamata a yi kowanne.

Mataki na farko: sa yaro a rajistar DEERS

DEERS ita ce rajistar da ke tabbatar da cewa yaro iyalin soja ne. In babu sunansa a ciki, inshorar lafiya ta TRICARE za ta tsaya, sauran ƙofofi ma ba za su buɗe da sauƙi ba. Ana yin rajistar a ofishin katin shaida na bariki. Ku je da takardar haihuwa, sojan kuma ya sa hannu a fom mai lamba DD 1172-2. Idan sojan ba ya gari, matarsa ko mijinta na iya yi da takardar wakilci ta shari'a. Jariri yana da kwana 90 daga haihuwa, ko 120 idan a ƙasar waje kuke. Yaro yakan karɓi katin shaidarsa na kansa idan ya kai shekara 10.

Idan takardun yaro ba da Turanci aka rubuta su ba, misali takardar haihuwa ta Faransanci ko ta Larabci, kada ku kashe kuɗi wajen mai fassara tukuna. Military OneSource, cibiyar taimakon iyalan soja da ke amsa waya dare da rana a 800-342-9647, tana fassara irin waɗannan takardu kyauta, kuma tana haɗa mutum da tafinta ta waya.

Mataki na biyu: shiga layin reno tun kafin buƙata ta zo

Nan ne aka fi yin asarar lokaci, don haka zan ɗan zauna a kai.

Reno a bariki iri uku ne. Akwai babbar cibiyar reno da ake kira CDC, mai karɓar yara daga mako 6 da haihuwa zuwa shekara 5, Litinin zuwa Juma'a, daga sassafe zuwa kusan shida na yamma. Akwai renon gida, FCC, inda wata mai lasisin bariki ke riƙe yara a gidanta. Ba ta wuce yara 6, har da nata ƙanana, kuma 'yan ƙasa da shekara 2 ba sa wuce biyu. Sai kuma kulawar 'yan makaranta, daga ajin share fage zuwa shekara 12, kafin a shiga aji da bayan an tashi, da lokacin hutu. Mutane da yawa sukan raina renon gida, suna ganin cibiya ta fi daraja. A ganina kuskure ne, musamman ga mai aikin dare ko ƙarshen mako. Cibiya tana rufewa da yamma, amma mai renon gida kan iya yarda da awoyin da ba na kowa ba, ana binciken tarihinta da na manyan gidanta, ana kai mata ziyarar ba-zata, kuma layinta yakan fi gajarta.

Duk neman gurbi ta shafi guda ake yinsa, MilitaryChildCare.com. Ku buɗe asusu, ku cika bayanin iyali, ku zaɓi bariki, ku sa ranar da kuke son yaro ya fara. Abubuwa uku ne ya kamata ku riƙe a nan. Ana iya nema wa jariri tun yana ciki, ba sai an haihu ba, kuma gurbin jarirai shi ya fi kowane wuya saboda ma'aikaciya ɗaya jarirai ƙalilan doka ta yarda ta riƙe. Ana iya nema a barikin da za a koma tun ba a tashi ba, da zarar kun san inda aka tura ku. Sannan babu laifi a nemi wurare da yawa a lokaci guda, cibiya biyu da gidajen reno uku, duk wanda ya fara fitowa. Wajen sa rana, ku lissafa da hutun haihuwa. Tun farkon 2023 soja, uwa ko uba, yana da mako 12 na hutun reno. Idan ku biyun sojoji ne, kuna iya jera hutun ɗaya bayan ɗaya, ku samu ƙarin watanni kafin yaro ya buƙaci gurbi.

Layin ba na wanda ya riga zuwa ba ne kawai. Ana bin rukuni. 'Ya'yan ma'aikatan renon su ne a gaba. Sai soja mai riƙon yara shi kaɗai da ma'auratan da dukansu sojoji ne, sannan sojan da abokin zamansa ke aiki cikakken lokaci. Bayansu mai aikin rabin lokaci ko mai neman aiki, sai mai karatu cikakken lokaci a kwaleji ko jami'a, sai farar hula ma'aikatan Ma'aikatar Tsaro. Sojan da matarsa ke gida ba aiki ba karatu yana can ƙarshe, sai in gurbi ya ragu. A cikin kowane rukuni ne ranar nema take aiki. Kuma wanda ke ƙasa, ko da an ba shi gurbi, ana iya karɓewa a bai wa wanda ya fi shi fifiko, bayan sanarwar kwana 45. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, duk ranar da hali ya canza, matar gida ta samu aiki ko ta shiga makaranta, a ranar za ku shiga shafin ku gyara, domin rukuninku ya tashi. Kada kuma ku rubuta abin da ba haka ba, za a nemi shaida ranar rajista.

Ku sa adireshin imel da kuke dubawa kullum, na mutum biyu in zai yiwu. Idan gurbi ya fito, wa'adin amsawa gajere ne ƙwarai, kuma shafin kan aiko da saƙo lokaci zuwa lokaci yana tambaya ko har yanzu kuna buƙata. Rashin amsa na iya jawo a soke neman. Soja yana daji wajen atisaye ba waya, saƙo ya shigo ya wuce, watanni na jira sun tafi a banza.

Kuɗin reno ba ɗaya ba ne ga kowa. Ana haɗa abin da ke shigowa gidan gaba ɗaya, albashin soja da alawus na gida da na abinci da albashin abokin zama, a sa iyali a rukunin biya. Ƙaramin soja yana biyan ƙasa da hafsa a aji ɗaya, kulawa iri ɗaya. Yaro na biyu yana samun ragi. Wanda ya ƙi kawo takardun albashi, kuɗin rukuni mafi tsada za a caje shi. Wanda kuma ya shiga matsi na gaske yana iya rubuta wa kwamandan bariki ya nemi sassauci.

Mataki na uku: idan bariki ya cika, ko kuna nesa da shi

Akwai shirin MCCYN, wanda ke taimakawa da kuɗin reno a cikin gari. Iyali su biya kwatankwacin abin da za su biya a bariki, rundunar ta cike gibin zuwa wani iyaka, ta biya mai renon kai tsaye. A shafin nan dai ake nema, kuma ƙungiyar Child Care Aware of America ce ke tafiyar da shi a madadin wasu rundunonin. Sharaɗinsa shi ne mai renon ya kasance da lasisin jiha da shaidar inganci da aka yarda da ita. Don haka kafin ku biya kuɗin ajiye gurbi a wata makarantar reno, ku tambaye su ko suna cikin shirin. Ku sani kuma ba haƙƙi ba ne da dole a bayar, ya danganta da kuɗin da ke ƙasa, shi ma yana da layi.

A 2021 aka fara gwajin tallafa wa masu ɗaukar mai reno a cikin gidansu, awa 30 zuwa 60 a mako, a yankunan da cunkoso ya fi yawa: Hawai, kewayen birnin Washington, Norfolk, San Antonio da San Diego, daga baya aka ƙara wasu. Ya dace da masu aikin da ba shi da lokaci tsayayye, amma ku tuna a idon doka kun zama masu ɗaukar ma'aikaci, da harajinsa da komai. Daga 2024 kuma aka buɗe wa sojoji asusun ajiyar kuɗin reno da ake cirewa daga albashi kafin haraji, wanda ya fara da iyakar dala 5,000 a shekara ga gida ɗaya, don yara 'yan ƙasa da shekara 13. Ana shiga ta shafin FSAFEDS, mai kula da irin wannan asusu, a ƙarshen shekara. Ku ƙiyasta da kyau, domin kuɗin da ba a kashe cikin wa'adi ba ya tafi.

Wani abu da ke kama mutanenmu ba su sani ba: a gidajen bariki, duk mai riƙe 'ya'yan wasu fiye da awa 10 a mako a kai a kai, dole ta kasance da lasisin renon gida. Maƙwabciya mai kirki da ta ce ku riƙa kawo mata yaro kullum, tana iya jefa kanta cikin matsala har ta shafi zamanta a gidan. In tana da sha'awa, gara ta je ofishin renon gida ta nemi lasisi. Horon kyauta ne, kuma sana'a ce da za ta iya tafiya da ita bariki na gaba.

Mataki na huɗu: ranar rajista

Ku riƙe katin rigakafi, takardar duba lafiyar yaro daga likita, takardun albashi, da sunayen mutanen da za a kira idan ba a same ku ba, waɗanda ke zaune kusa. Wannan na ƙarshe yakan ba sababbin zuwa wahala, don haka ku fara sabo da maƙwabta ko abokan aiki tun makon farko. Idan yaro yana da asma, ko wani abinci na tayar masa da rashin lafiya, akwai fom da likita zai cika, kuma ana iya zama da ku kafin ya fara. Idan akwai abin da ba ya ci saboda addini, kamar naman alade, ku faɗa a ranar, ku nemi fom ɗin canjin abinci, kada ku bar shi a baki kawai.

Magana ta gaskiya kuma: ba a dukan yaro a waɗannan wurare, kuma doka ta wajabta wa ma'aikata su kai rahoto idan sun ga tabo ko alamar da ta ba su tsoro. Rahoton yana zuwa ofishin kare iyali na bariki, yana iya kaiwa ga kwamanda. Haka nan kowane bariki yana da ƙa'idarsa ta shekarun da za a iya barin yaro shi kaɗai a gida, ko a bar shi ya kula da ƙannensa. Ku karɓi takardar ku karanta. 'Yar shekara tara mai hankali da kuke ganin ta isa riƙon ƙaninta, ƙa'ida ba lallai ta gan ta haka ba. Sababbin iyaye kuma suna da shirin da ke turo nas ko ma'aikaciyar jin daɗi har gida kyauta, kuma shiga cikinsa ganin dama ne.

Mataki na biyar: rubuta tsarin wanda zai riƙe yara

Soja mai riƙon yara shi kaɗai, da ma'auratan da dukansu ke cikin kaki, wajibi ne su ajiye rubutaccen tsarin kula da iyali wurin kwamanda. A sojan ƙasa fom DA 5305 ne. Ana son mutum biyu: na kusa, wanda zai karɓi yara cikin gaggawa ko da tsakar dare, da na dogon lokaci, wanda zai riƙe su watanni idan an tura ku. Su kasance farar hula, su sa hannu cewa sun yarda. Ofishin lauyoyin bariki yana rubuta takardar wakilci da wasiyya kyauta. Ku haɗa da yadda kuɗi zai riƙa isa gare su, da yadda yara za su yi tafiya zuwa can, da takardar izinin shiga bariki don asibiti da sayayya.

Kada ku rubuta sunan wanda sai ya nemi biza kafin ya iso. Tsarin da ba zai yi aiki cikin kwana biyu ba, ba tsari ba ne, kuma rashin tsari mai aiki na iya sa a sallami mutum daga soja. Idan kun rabu da uwar yaran ko ubansu, wannan takarda ba ta soke hukuncin kotu a kan riƙo, don haka ku ga lauya tun da wuri. Ana sabunta tsarin duk shekara, da duk lokacin da aka haihu ko aka rabu ko aka tashi.

Mataki na shida: makaranta, daga ranar da oda ta fito

Akasarin 'ya'yan sojoji a cikin Amurka makarantun gwamnati na gari suke zuwa, kuma a can adireshin gida shi ke yanke makarantar da yaro zai shiga. Saboda haka kada ku sa hannu a hayar gida sai kun san makarantar unguwar. Wanda zai taimaka a nan shi ne jami'in hulɗa da makarantu, kowane bariki yana da shi, aikinsa kyauta. Ku kira na inda kuke, ya haɗa ku da na inda za ku. Ku tambaye shi makarantun da yaran bariki ke zuwa, ranar buɗewa, da ko jihar tana barin a yi rajista da takardar oda tun ba a samu gida ba, domin jihohi da dama sun yi wannan doka. Ku tambayi kuma makarantun da ke da lambar Purple Star, wadda jihar Ohio ta fara a 2017, alamar cewa akwai ma'aikacin da aka ware don yaran sojoji.

Sannan ku haɗa fayil da zai bi ku a hannu, ba cikin motar kaya ba: kwafin sakamako, katin rigakafi, takardar haihuwa, takardar oda, jerin darussan da yaro ke ɗauka da sunayen littattafansu, da wasiƙa daga malami ko kocin wasa idan akwai. Ga ɗan babbar sakandare, ku roƙi bayanin abin da kowane darasi ya ƙunsa, don sunan darasi kan bambanta daga jiha zuwa jiha alhali abin da ke ciki ɗaya ne.

Makaminku a sabuwar makaranta shi ne yarjejeniyar jihohi kan karatun yaran sojoji, wadda zuwa 2014 dukan jihohi 50 da birnin Washington suka sa wa hannu. Hukumar da ke kula da ita ana kiranta MIC3, kuma kowace jiha tana da kwamishinanta. Ba kowane magatakardan makaranta ne ya san da ita ba, don haka ku san abin da ta ce. Makaranta za ta karɓi yaro da kwafin da kuka riƙo a hannu, tsohuwar makaranta kuma ta aiko da na asali cikin kwana 10 da nema. Kuna da kwana 30 ku cike rigakafin da sabuwar jiha ke buƙata, ba a hana yaro shiga aji saboda shi. Yaron da ya riga ya fara ajin share fage ko aji ɗaya a wata jiha zai ci gaba, ko da shekarunsa ba su kai ƙa'idar sabuwar jihar ba. Wanda ke ajin masu hazaƙa ko manyan darussa za a fara sa shi a irinsu, daga baya makaranta ta gwada shi in tana so. Idan an rufe ɗaukar 'yan ƙwallo ko wata ƙungiya kafin ku iso, za a ba shi dama ya gwada, ko da yake ba a yi alkawarin za a ɗauke shi ba.

Inda yarjejeniyar ta fi amfani shi ne ga ɗan ajin ƙarshe. Kowace jiha tana da darussan da take wajabtawa kafin a ba da shaidar kammalawa, har da tarihin jihar kanta. Makaranta na iya yafe darasi idan yaro ya yi makamancinsa, ta karɓi jarrabawar da ya ci a tsohuwar jiha. Idan duk da haka ba zai cika sharuɗɗa ba, makarantun biyu za su haɗa kai ya karɓi shaidar tsohuwar makarantarsa, ya gama a kan lokaci. Yarjejeniyar ba ta shafi makarantun kuɗi ba, kuma ba ta canza maki. Idan aka ƙi saurarenku, ku bi tsani: shugaban makaranta, jami'in hulɗa na bariki, sannan kwamishinan jiha. Ku yi komai a rubuce.

A farkon shekara makaranta za ta aiko da fom tana tambaya ko iyayen yaro na aiki da gwamnatin tarayya. Ku cika ku mayar. Da shi ne gundumar ke karɓar tallafin tarayya da ake bayarwa tun 1950, saboda filin bariki ba ya biyan harajin da makarantu ke rayuwa da shi.

Idan Jamus aka tura ku, ko Italiya, Japan, Koriya ta Kudu, to makarantun Ma'aikatar Tsaro ne, DoDEA, kimanin 160 a duniya, wasu daga cikinsu a barikokin cikin Amurka. Karatunsu na da kyau, a jarrabawar ƙasa ta 2022 ɗalibansu sun zarce na kowace jiha a karatu da lissafi. Abin lura shi ne sunan yaro ya fito a takardar oda a matsayin iyalin da rundunar ta ɗauki nauyin tafiyarsu. Wanda ya kai iyalinsa da kansa ba da wannan izini ba, sai in gurbi ya ragu. Ajin share fage sai yaro ya cika shekara 5 zuwa 1 ga Satumba, kuma daga 2024 sun fara buɗe ajin 'yan shekara 4 a yawancin makarantunsu na firamare. Inda babu makarantarsu, akwai shirin da ke biyan kuɗin wata makaranta, amma sai an amince kafin ku yi rajista.

Mataki na bakwai: yaro mai buƙata ta musamman

Idan yaro yana da ciwo mai daɗewa, ko jinkirin magana, ko galahanga, ko yana da rubutaccen tsarin karatu na musamman da ake kira IEP, shiga shirin EFMP wajibi ne ga soja. Likita ya cika DD 2792, makaranta ta cika DD 2792-1. Wasu sukan ɓoye, don kunya ko don tsoron kada ya hana su ƙarin girma. Ɓoyewar ce ke cutarwa. Amfanin shirin shi ne a duba ko wurin da za a tura ku yana da likita da malamin da yaron ke buƙata, kuma ta nan ake samun awoyin hutu ga iyaye, inda ƙwararriya ke zuwa ta riƙe yaron, da ƙarin tallafin TRICARE mai suna ECHO. Kafin tashi, ku tabbata IEP bai ƙare ba, ku riƙe kwafinsa da rahoton gwaji na ƙarshe. Sabuwar makaranta za ta ci gaba da ba da hidima makamanciya har ta yi nata gwajin.

Mataki na takwas: matasa da lokacin da soja ba ya nan

Cibiyar matasa ta bariki tana karɓar yara har shekara 18, kuma zuwa bayan makaranta yawanci kyauta ne ko kuɗi kaɗan. Suna haɗe da ƙungiyoyin matasa na Boys & Girls Clubs of America da 4-H, don haka akwai wasanni, kwamfuta, ɗakin aikin gida, da koyon shugabanci. Kafin ku tashi, ku nema wa yaro abokin tarba ta cibiyar, wato wani sa'ansa a sabon bariki da zai riƙa yi masa bayani tun bai iso ba. Ga ɗan shekara 14 da aka raba da abokansa, wannan ya fi duk lallashin iyaye. Don aikin gida kuwa, Tutor.com yana ba iyalan soja malami kai tsaye ta intanet, kyauta, kowane lokaci.

Idan za a tura soja aiki nesa, ku sanar da malamin aji da mai ba da shawara na makaranta. Yarjejeniyar jihohi ta ba shugabannin makarantu damar ƙara wa yaro ranakun uzuri don bankwana da tarba. Akwai masu ba da shawara da ake kira MFLC a cibiyoyin reno da makarantu da yawa, suna ganin yaro da izinin iyaye, ba sa buɗe fayil, sai dai in akwai barazana ga rai ko cin zarafi. Ƙungiyar National Military Family Association kuma tana shirya sansanin hutu kyauta, Operation Purple, wanda ake nema tun kafin bazara.

Mataki na tara: kuɗin jami'a, tun yaro na firamare

Tun ran gini tun ran zane. Babban tallafi a nan shi ne Post-9/11 GI Bill, wata 36 na karatu, wanda ke biyan cikakken kuɗin jami'ar gwamnati a farashin ɗan jiha, da alawus na gida, da kuɗin littattafai har dala 1,000 a shekara. Soja na iya mayar da shi ga matarsa ko 'ya'yansa idan ya yi shekara 6 yana aiki kuma ya yarda ya ƙara 4. Ana nema ta shafin milConnect, kuma sai yana cikin aiki. Ranar da ya ajiye kaki, ƙofar ƙara sabon suna ta rufe. Shi ya sa masu wayo ke nema da zarar sun cika shekara 6, su rubuta wa kowane yaro ko da wata ɗaya ne, domin daga baya ana iya sake rabon watannin tsakanin waɗanda sunansu ke ciki. Duk jaririn da aka haifa bayan nan, a koma a ƙara shi. Yaro zai fara amfani da shi bayan sojan ya cika shekara 10 yana aiki, yaron kuma ya gama sakandare ko ya kai 18, kuma damar tana ƙarewa yana shekara 26. Wanda ya bar aiki da ganin damarsa kafin cika shekara 4 ɗin, ana iya bin sa bashin abin da aka riga aka biya.

Ko babu wannan, dokar tarayya ta 2008 ta ce iyalin soja mai aiki su biya kuɗin ɗan jiha a jami'ar gwamnati ta jihar da aka ajiye shi, kuma farashin ba ya tashi idan an yi masa canjin bariki muddin ɗalibin bai katse karatu ba. Ku cika fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, FAFSA, kowace shekara ko da kuna ganin ba za ku samu komai ba, domin tallafi da yawa da shi suke aiki. Gidauniyar Fisher House tana ba da dala 2,000 ga ɗaliban da aka zaɓa ta kantunan abinci na bariki, ana nema a lokacin sanyi. Ƙungiyoyin agaji na rundunoni, Army Emergency Relief, Navy-Marine Corps Relief Society da Air & Space Forces Aid Society, kowacce tana da nata tallafin karatu. 'Ya'yan sojan da ya rasu a bakin aiki bayan 10 ga Satumba 2001 suna da tallafin Fry, 'ya'yan wanda ya naƙasa gaba ɗaya sanadin aiki kuma suna da wani shiri daban a Ma'aikatar Tsofaffin Sojoji.

Matar soja ko mijin soja ma akwai nasu: shirin MyCAA yana biyan har dala 4,000 don lasisin sana'a ko shaidar karatu ta shekara biyu, ga waɗanda muƙamin sojan ya faɗa cikin ƙa'ida. Idan za ta shiga cikakken lokaci, ta karɓi takardar shaidar rajista daga makarantar ta kai ofishin reno, domin ita ce za ta ɗaga iyalin daga ƙarshen layi zuwa rukunin masu karatu.